Lasisin Malami: Wanda Ya Gindaya Sharaɗi Shi Zai Ɗauki Nauyi

Yau ba maganar kujera ko ta wane ya koma ina nake tafe da ita ba. Magana ce ta malaman makaranta, kuma na san da yawanku malamai ne, wasu 'ya'yan malamai, wasu kuma mazajen malamai ko matansu. Wanda duk bai shiga ɗaya daga cikin waɗannan ba, to yana da ɗa ko ƙane da yake zaune gaban wani malami a yanzu haka. Don haka maganar ta kowa ce.

Kwanakin baya yayata ta kira ni da daddare. Malamar firamare ce, ta haura shekara ashirin tana riƙe da alli. Ta ce: "Ƙanena, don Allah in ka samu sarari ka leƙo ka duba mini wannan abu na lasisi. An ce nawa ya ƙare, kuma wai nan gaba sai mutum ya nuna shaidar bitocin da ya halarta kafin a sabunta masa." Na je na same ta da jakar leda cike da takardun shaida, wasu har sun yi ja don tsufa. Na ce, Yaya, ai ke kin tara abin da ake nema. Ta yi dariya, ta ce: "Takarda kam na tara. Amma in ka tambaye ni wacce ce ta canza yadda nake koyarwa, ba za su wuce biyu ba."

Tun daga ranar wannan magana ta tsaya mini a rai. Domin a cikinta akwai dalilin da ya sa nake goyon bayan a wajabta wa malami ci gaba da ƙaro sani muddin yana son lasisinsa ya ci gaba da aiki, kuma a cikinta akwai dalilin da ya sa nake tsoron yadda za a aiwatar da abin.

Bari mu fara da yadda tsarin yake, don kada mu yi ta musu a duhu. A Najeriya akwai hukumar yi wa malamai rajista, wato TRCN, wadda aka kafa da Doka ta 31 ta shekarar 1993, tana ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya. Aikinta shi ne ta tantance wanda ya cancanci a kira shi malami a hukumance, ta rubuta sunansa a rajista, ta ba shi lasisi. Mafi ƙarancin shaidar da tsarin ilimi na ƙasa ya yarda da ita ga mai koyarwa ita ce NCE. Daga 2017 hukumar ta fara shirya jarrabawar cancanta da ake yi a kwamfuta kafin a yi wa mutum rajista. To a nan ne mutane da yawa ke rikicewa: takardar rajista daban, lasisi daban. Rajista shaida ce cewa ka shiga sana'ar. Shi kuwa lasisi izinin yin aikin ne, yana da wa'adi, ana sabunta shi duk bayan shekara uku. Kuma a ƙa'idar hukumar, a tsakanin waɗannan shekarun ana so malami ya riƙa halartar bitoci da kwasa-kwasai da aka amince da su, yana tara maki.

Wannan ba wani sabon abu ba ne da aka ƙirƙiro don a takura wa malamai. Likita a ƙasar nan yana sabunta lasisinsa duk shekara, kuma sai ya nuna shaidar ƙarin ilimin da ya samu. Ma'aikatan jinya da ungozoma su ma suna da bitar dole kafin sabunta nasu. Kai, ko direban da ke ɗauko mu daga Kano zuwa Kaduna, lasisinsa na da ranar ƙarewa. In har mun yarda cewa wanda zai taɓa jikin yaro na minti goma sai ya sabunta saninsa, to wanda zai riƙe ƙwaƙwalwar yaron shekara shida fa?

Na san abin da wasu 'yan uwa za su ce, don na sha jin sa a majalisa da wuraren taro: "A ƙyale malamai su ji da yunwar da ke damunsu. A biya su tukuna, sannan a zo da maganar lasisi." Wallahi na fahimci wannan magana, kuma rabinta gaskiya ce tsagwaronta. Amma ɗaya rabin fa? Yaron da ke aji uku bana ba zai tsaya a aji uku yana jiran ranar da za a gyara albashi ba. Baɗi yana aji huɗu, ko ya iya karatu ko bai iya ba. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, ɗan wa ke wannan ajin? Ba ɗan kwamishina ba ne, ba ɗan ɗan majalisa ba ne. Ɗan mai faci ne, ɗan mai shayi, 'yar mai ƙosai, wato 'ya'yan mutanen da muke bi gida-gida muna roƙon ƙuri'arsu. Duk wanda ya ce a daina maganar ingancin malami saboda tausayin malami, ya manta cewa akwai wani talakan a cikin ajin, kuma shi ba shi da ƙungiya, ba ya yajin aiki.

Sannan ilimi ba ya tsayawa wuri ɗaya. Manhaja tana canzawa. An gano hanyoyin koyar da karatu da sautin baƙaƙe da wasula waɗanda suka fi haddar "maimaita bayana" da aka yi mana. Jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta shekaru da dama da suka wuce. Malamin da ya gama NCE shekara ashirin da biyar baya, in ba wanda ya sake zama da shi ya nuna masa sabon abu, ba laifinsa ba ne in yana koyarwa kamar yadda aka koya masa. Kuma tunda Shugaba Buhari ya sa hannu a 2022 kan dokar da ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65, ko shekara 40 a bakin aiki, lissafin ya ƙara fitowa fili: mutum zai iya yin shekara arba'in a aji da abin da ya koya a shekara uku. Wannan ba adalci ba ne gare shi, balle ga ɗalibansa.

To, sharaɗin ya yi daidai. Inda gizo ke saƙa shi ne: wa zai ɗauki nauyinsa?

A nan nake so mu waiwayi tarihinmu, don mu 'yan siyasar Arewa ba mu da bakin raina malami. Sardauna Ahmadu Bello a Kwalejin Katsina aka horar da shi, ya koyar a Midil ta Sakkwato. Abubakar Tafawa Balewa malami ne a Midil ta Bauchi har ya zama hedimasta. Malam Aminu Kano shi ma a Midil ta Bauchi ya fara koyarwa, daga baya ya koma kwalejin horar da malamai ta Maru, kuma shi ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. Alhaji Shehu Shagari malami ne kafin ya zama komai. Abin lura a nan shi ne, Balewa yana cikin aiki aka tura shi Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan a 1945, Malam Aminu ya bi sahu a 1946. Ba gonarsu suka sayar suka tafi ba. Hukuma ce ta zaɓe su ta ɗauki nauyinsu, don ta san ribar za ta dawo cikin aji. In Turawan mulkin mallaka, da duk abin da muke faɗa a kansu, sun gane cewa ƙarin ilimin malami nauyi ne na wanda ya ɗauke shi aiki, to gwamnatin da muka zaɓa da hannunmu me zai hana ta ganewa?

Ku yi lissafi da ni. Mafi ƙarancin albashi a doka tun watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, kuma kowa ya san a wurare da dama malaman firamare, da yake albashinsu daga kason ƙananan hukumomi yake fitowa, su ne na ƙarshe da ake waiwaya in an yi ƙari. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi. Yanzu ka ɗauki malamin ƙauye, ka ce ya zo babban birnin jiha bitar kwana uku. Kuɗin mota zuwa da dawowa, wurin kwana, abinci, kuɗin rajistar bitar in ta kuɗi ce, sannan kuɗin sabunta lasisi, da na mai shagon kwamfuta da zai cike masa fom, da na data. Me ya rage a albashin watan? Ka ƙara da malama mai goyo, wadda sai ta nemi wanda zai kula da gida. Ka ƙara da malamin da ke yankin da hanya ba ta biyuwa bayan la'asar saboda 'yan bindiga. In aka ce duk waɗannan su biya daga aljihunsu ko su rasa lasisi, to ba tace ƙwararru aka yi ba. An tace masu kuɗi da mazauna birni ne kawai, aka zubar da na ƙauye, alhali ƙauyen ne ya fi kowa ƙarancin malamai.

Kuma kada wani ya ce mana babu kuɗi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na gwamnatin tarayya ga hukumar UBEC, kuma a tsarin rabon wannan kuɗi akwai kashi 10 cikin 100 da aka keɓe musamman don horar da malamai, wanda ke bi ta hukumomin SUBEB na jihohi. Muna da Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna tun 1976, wadda aka kafa daidai lokacin da shirin UPE ya buɗe ƙofar makaranta ga miliyoyin yara, kuma aikinta ke nan: horar da malami yana bakin aikinsa, ta hanyar cibiyoyin karatu da ke warwatse a jihohi. Muna da kwalejoji da jami'o'in ilimi na tarayya a Kano, Zariya, Katsina, Bichi, Gusau, Gombe, Yola, Potiskum, Kontagora, ga kuma na jihohi. Gini akwai, malaman malamai akwai, layin kasafi akwai. Tambayar da ya kamata kowane ɗan majalisar jiha ya yi ita ce: kuɗin horon bara, malamai nawa suka amfana, a waɗanne makarantu, me aka koya musu?

Maƙwabtanmu na Ghana suna da irin wannan tsari. Hukumar malamai ta ƙasarsu tana ba da lasisi, kuma malami na tara maki kafin sabuntawa. Amma daga 2020 gwamnatinsu ta fara biyan malaman makarantun gwamnati wani alawus na musamman duk shekara domin wannan ƙarin ilimi. Ba na cewa komai nasu ya tafi sumul. Abin da nake nunawa shi ne sun amince da ƙa'idar: in ka wajabta, ka biya.

Haɗari na biyu ya fi na kuɗi muni, shi ne a mayar da abin kasuwar takarda. A nan zan koma ga jakar ledar yayata. Ta ba ni labarin wata bita da aka kira su, ta kwana uku a rubuce. Ranar farko aka yi jawabai har azahar, manyan baƙi suka ɗauki hoto suka tafi. Bayan an ci shinkafa sai aka miƙo musu takardar sa hannu mai layi uku, aka ce kowa ya sa hannun kwana ukun gaba ɗaya. Aka ba su kuɗin mota da bai kai abin da aka rubuta ba, aka ce takardar shaida za ta biyo baya. Ta kuwa biyo baya, da hatimi da komai. Ba zan faɗi wuri ko masu shiryawa ba, don ba tonon silili na zo yi ba, kuma na san malamai da yawa da ke karanta wannan suna murmushi, don sun ga irinta.

To ku duba abin da zai faru in aka ce lasisi ya dogara da yawan irin wannan takarda. Nan take za a samu 'yan kasuwar bita. Kowane mai ɗakin taro da na'urar buga takarda zai zama "ƙwararre". Malami zai biya, ya sa hannu, ya karɓi maki, ya koma aji kamar yadda ya fito. Hukuma za ta fitar da alƙaluma masu daɗin ji, a yi tafi, yaro kuwa yana nan bai iya haɗa "ba" da "ba" ya karanta "baba" ba. An gudu ba a tsira ba ke nan, har ma an ƙara wa malami wani sabon haraji.

Na tambayi Yaya, to waɗancan biyun da suka amfane ki, me ya bambanta su? Ta ce abu uku. Na ɗaya, a kusa aka yi, malaman makarantu biyar ko shida na yanki ɗaya suke haɗuwa lokaci-lokaci. Na biyu, ba lacca aka yi musu ba, an sa kowa ya tashi ya koyar da darasi a gaban 'yan uwansa, aka gyara masa. Na uku, kuma shi ne babba, bayan makonni wani ya biyo ta har aji, ya zauna a baya ya kalli yadda take yi, suka tattauna bayan an tashi, ba tsawa ba barazana. Ta ce: "Ranar na ji kamar ni ma wani ya san ina raye."

Wannan salo ba baƙo ba ne a Arewa. An gwada irinsa a shirin ESSPIN da Birtaniya ta tallafa wa a jihohi shida, ciki har da Kano, Kaduna da Jigawa. An gwada a shirin "Mu Karanta" da Amurka ta tallafa wa a Bauchi da Sakkwato, inda aka horar da malamai koyar da karatu da Hausa a azuzuwan farko. Matsalarmu ita ce, irin waɗannan shirye-shirye da kuɗin baƙi suke tafiya, ranar da baƙo ya naɗe tabarmarsa sai abin ya fara tangal-tangal. Mun kuma ga yadda Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji a 2025 ba tare da ta yi shawara da kowa ba. Wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci, wata rana da yunwa zai kwana. Horar da malamanmu aikinmu ne, a kasafinmu ya kamata ya zauna.

Haɗari na uku shi ne a mayar da lasisi wuƙar yanka. A nan dole mu taɓo Kaduna, don duk malamin Arewa da ya ji kalmar "tantancewa" can hankalinsa yake tafiya. A 2017, zamanin Gwamna Nasir El-Rufai, an yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa ta matakin aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 da aka gindaya ba, aka sallame su. Ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki a farkon 2018. Aka ɗauki sababbi, cikinsu ma aka sake sallamar sama da 4,000 bayan an gano ba su cancanta ba. A 2022 aka sake korar 2,357, mafi yawansu saboda ƙin zama wata jarrabawar, har da shugaban NUT na ƙasa, Audu Amba.

Na san a wannan shafi akwai masu ganin abin da aka yi jarumta ce, akwai masu ganin zalunci ne, kuma ba yau za mu raba wannan gardama ba. Amma akwai darasi biyu da nake ganin kowane ɓangare zai iya ɗauka. Na farko, matsalar gaskiya ce. Wasu takardun amsa da aka nuna wa duniya a lokacin abin kunya ne, kuma duk mai ƙaunar ɗan talaka ba zai ce a rufe ido ba. Na biyu, tambayar da ba a amsa ba ita ce: wa ya ɗauke su aiki tun farko, kuma shekara nawa suka yi a aji ba wanda ya leƙa ya ga abin da suke yi? Ba a fafe gora ranar tafiya. Tsarin sabunta lasisi da aka gina kan horo na kullum shi ne maganin da zai hana a kai ga irin wancan yanayi, inda za a wayi gari a ce mutum dubu ashirin su tafi gida rana ɗaya. Ana gano rauni da wuri, a gyara, a sake dubawa. Wanda aka ba dama sau ɗaya, sau biyu, sau uku, da kuɗin gwamnati da lokacin gwamnati, ya ƙi ko ya kasa, to a nan kam ba mai cewa an zalunce shi in aka ɗauke shi daga aji, aka nema masa wani aikin da zai iya ko aka sallame shi da haƙƙinsa cikakke. Amma a fara da kora kafin horo, wannan sa keke gaban doki ne.

Yanzu bari in juyo kanmu, don gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wancan malamin da bai iya rubuta jimla ba, ta wace ƙofa ya shigo? Sau da yawa ta ƙofarmu ce, mu 'yan siyasa da magoya baya. In aka ce za a ɗauki malamai, wa ke zuwa gidan shugaban ƙaramar hukuma da jerin sunaye? Wa ke cewa "Ranka ya daɗe, wannan yaronmu ne, ya yi mana wahala a akwati, a taimaka a sa shi ko koyarwa ce"? Ku ji kalmar fa: "ko koyarwa ce". Ba ma cewa a sa shi ko tiyata ce, ko tuƙin jirgi ne. Koyarwa muka mayar juji na sallamar 'yan wahala. Haka in an zo zaɓen waɗanda za su je bita mai alawus, sunayen 'yan gaban goshi ne ke fita kowace shekara, wanda ke ƙauye yana fama da yara ɗari a aji ɗaya ba ya ko jin labari. Haka kwangilar shirya bitar, sau nawa take faɗawa hannun wanda cancantarsa kawai ita ce ya yi mana hidima lokacin kamfe? Wannan ba halin jam'iyya ɗaya ba ne, kuma duk wanda ya ce nasu ba sa yi, ya faɗa ne kawai. In muna so a yarda da mu a kan wannan batu, sai mun fara cire hannunmu daga ciki.

Kada kuma mu manta da malaman makarantu masu zaman kansu, don dokar rajista ta shafe su su ma. Da yawansu matasa ne masu NCE ko digiri da ake biya abin da bai kai mafi ƙarancin albashi ba, wasu ko a hutu ba a biyansu. In za a tilasta musu lasisi mai rai, to mai makarantar da ke karɓar kuɗin iyaye shi ya kamata ya ɗauki nauyin horonsu, kuma a sa wannan cikin sharuɗɗan sabunta izinin makarantarsa. Ƙa'idar dai ɗaya ce ko'ina: wanda ke cin moriyar aikin malami shi zai biya kuɗin gyara aikin.

Saboda haka ga abin da nake ganin ya kamata mu riƙe a matsayin matsayarmu, mu kai wa duk wanda ya zo neman goyon bayanmu, daga kansila har gwamna.

Horon da lasisi ya rataya a kansa ya zama kyauta ga malamin gwamnati, har da kuɗin motarsa, kuma a tura kuɗin kai tsaye asusunsa na banki, ba a miƙa a ambulan ba. A kawo horon kusa, a matakin mazaɓa ko gungun makarantu, a cikin kwanakin aiki ko wani yanki na hutu da aka sanar tun farkon zango, ba a kira mutum ranar Alhamis a ce gobe ya bayyana ba. A ba da maki kan abin da aka gani a aji, ba kan sa hannu a takarda kaɗai ba, wato jami'an sa ido na ƙananan hukumomi su samu babur da mai da horo, su koma masu taimako maimakon masu karɓar na goro. A liƙa sunayen waɗanda suka je horo a ofishin ilimi na kowace ƙaramar hukuma, kowa ya gani, don a daina maimaita mutum goma shekara goma. A ɗaure sabunta lasisi da ƙarin girma na gaske, wanda ake gani a albashi a watan da ya dace, ba takardar ƙarin girma da za a yi shekaru ana bin bashinta ba. Sannan kada a hukunta malami kan lasisin da ya ƙare in gwamnati ce ta kasa shirya horon, ko kuma tana riƙe da albashinsa. Wanda bai sauke nasa nauyin ba, ba shi da bakin tuhumar wani.

Ga 'yan uwana malamai kuma, ina roƙonku da girmamawa: kada ku bari a ja ku zuwa matsayin ƙin horo gaba ɗaya. Wannan rami ne. Ranar da aka ji malamai na cewa ba sa son a duba aikinsu, ranar iyaye za su juya muku baya, kuma mai neman dalilin kora ya samu. Ku ce kuna so, ku ne ma kuka fi kowa so, amma ga sharuɗɗanku. Lasisi mai daraja kariya ce gare ku. Shi zai hana a kwaso wanda bai taɓa shiga kwalejin ilimi ba a ajiye shi kusa da ku a kan albashi ɗaya. A ranar malamai ta duniya ta 2020 an yi muku alƙawarin tsarin albashi na musamman, kuma ƙungiyarku ta sha kokawa cewa ba ta gan shi a ƙasa ba. Hujjarku ta neman sa za ta fi ƙarfi in kuna riƙe da shaidar cewa ku ƙwararru ne da ke sabunta saninsu kamar likita.

Ga mu magoya baya kuma, aikinmu bai tsaya a danna "like" da zagin 'yan ɗaya ɓangaren ba. In ɗan takara ya zo mazaɓarku ya ce zai gina azuzuwa, ku yi masa godiya, sannan ku tambaye shi: wanda zai tsaya a cikin ajin fa, me ka tanadar masa? Gini ana ganinsa daga titi, shi ya sa kowa ke son yin sa. Horon malami ba a yanka masa kintinkiri, ba ya fitowa a hoto, sai bayan shekara goma ake ganinsa a bakin yaro. Ɗan siyasar da ya yarda ya kashe kuɗi a abin da ba za a yi masa tafi a kai yau ba, shi ne wanda ya cancanci wahalarmu. Kuma wannan ma'auni mu riƙe shi ko namu ne a kan kujera ko na wasu, don in sai muna adawa muke tuna malami, to ba malamin muke so ba, kujerar muke so.

Yayata dai mun cike mata fom ɗin, ta mayar da takardunta cikin leda. Da zan fito ta ce: "Ni ba na tsoron a gwada ni. Abin da nake tsoro shi ne a gwada ni kan abin da ba a taɓa koya mini ba, a kuma ce ni zan biya kuɗin gwajin." Ina ganin duk wanda zai rubuta manufar ilimi a jihohinmu ya kamata ya ji wannan magana kafin ya ɗauki biro.

Malamai da ke cikinmu, ku faɗa mana: bita nawa kuka je a shekara ukun nan, wa ya biya, kuma wacce ce ta amfane ku a aji? Kada a kama sunan kowa, a dai faɗi abin da ya faru. Da irin wannan bayani ne za mu tunkari masu neman ƙuri'armu da hujja a hannu.

Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba mu shugabannin da suka san darajar alli.